Labarin Gida Amana Ce: Nasiha Ga Ɗalibai Masu Haɗa Kundin Aji

'Ya'yana ɗalibai na Wunti da sauran unguwannin Bauchi.

Idan malaminku ya shigo aji ya ce kowa ya rubuto wani abu a kan gidansu, za a tattara a buga cikin kundi guda, da yawanku za su ɗauka irin aikin gidan da aka saba ne: a cika shafi biyu, a miƙa, a karɓi maki. Ina so ku ɗauki abin da nauyi fiye da haka. Insha'in jarrabawa mutum ɗaya ke karanta shi, ya bi shi da jan biro, ya ajiye. Kundin aji kuwa gida-gida zai shiga. Maƙwabta za su karanta, a buɗe shi a rumfar kasuwa, wani ya ɗauki hoton shafi a waya ya tura garin da ba ku taɓa takawa ba. Kuma abin da ke ciki ba naku ne ku kaɗai ba. Akwai sunan kakanku, akwai mutuncin mahaifiyarku, akwai labarin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba za su iya tasowa su ce ba haka aka yi ba. Don haka nasihata guda ce: labarin gida amana ce. Wanda zai fitar da shi waje sai ya karɓo shi daga bakin masu shi, ya tantance, ya nemi izini, sannan ya ɗora alƙalami.

Ku fara da sanin cewa garinku ba baƙo ba ne wajen rubutu. A 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar ƙagaggun labarai a ƙarƙashin Rupert East, cikin waɗanda aka buga littattafansu akwai wani matashin malamin makarantar Midil ta Bauchi, wanda bai fi shekara 21 ba. Shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, littafin kuma shi ne Shaihu Umar. Ku duba yadda ya gina shi: wani babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya zauna ya ba su labarin iyayensa, da yadda aka sace shi yana yaro, da yadda mahaifiyarsa ta bar gida ta bi sawunsa. Wato littafin da ya fi kowanne shahara daga garin nan, tushensa tambayar da ɗalibai suka yi wa dattijo ce. A garin nan kuma aka haifi Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, amma waƙoƙinsa suna nan ana nazarinsu a jami'o'i saboda an sami waɗanda suka tattara suka adana. Ku magada ne, ba masu fara sara ba.

Na san abin da wasunku za su ce: "Ai mu gidanmu ba shi da tarihi. Ba mu gaji sarauta ba, ba mu gaji malanta ba." Wannan magana ku cire ta daga zukatanku tun yau. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi, irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Jahun da Ƙofar Inkil. Sunayen sarakunan da suka biyo bayansa suna rubuce a jere. To amma waɗanda suka kwaɓa ƙasar ganuwar fa? Matan da suka ɗebo ruwa, maƙeran da suka ƙera galma da fartanya, fataken da suka shigo ta ƙofofin da jakuna? Mafi yawansu babu wanda ya rubuta su. Kundinku wata dama ce ta cike wannan giɓi. Kakan da ya yi shekara da shekaru yana ɗinki a kasuwar Wunti, kakar da ta aurar da 'ya'yanta da kuɗin ƙuli-ƙuli da adashe, baffan da ya yi aikin reluwe, gwaggon da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, duk tarihi ne.

Ga misali da zai ƙarfafa muku gwiwa. Tsakanin 1949 da 1950, wata tsohuwa mai suna Baba ta riƙa zama da wata Baturiya, Mary Smith, a Giwa ta ƙasar Zazzau, tana ba ta labarin rayuwarta: aure da ƙawance, haihuwa da suna, noma da saƙa, harin bayi da zuwan Turawa. Baba ba ta yi boko ba, ba ta riƙe wata sarauta ba, kuma ta rasu a 1951 kafin littafin ya fito a 1954. Yau masu nazarin rayuwar matan Hausawa a duk duniya sai sun bi ta kan labarin Baba ta Karo. Irin wannan tsohuwa tana cikin gidaje da yawa a Wunti, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Abin da ta rasa shi ne mai tambaya.

Ku kuwa kuna da makamin da iyayenku ba su da shi, wato wasan jika da kaka. Abin da mahaifinku zai ji nauyin tambayar mahaifiyarsa, ku za ku tambaya cikin raha, ta zage ku zagin wasa, sannan ta ba ku amsa. Amma ku san lokacin zuwa. Kada ku faɗa mata da rana tsaka tana tsintar wake, ku zaro littafi ku ce, "Kaka, ba ni tarihin gidan nan." Za ta ce ba ta san komai ba, kuma iyakar gaskiyarta ke nan, don tambayar ta yi faɗi. Ku bari sai bayan sallar isha'i, an ci tuwo, ta shimfiɗa tabarma ta kwance ƙullin goronta. Ku zauna ƙasa, ku matsa mata ƙafa, ku tambayi ƙaramin abu: "Ranar da aka kawo ki gidan nan, a kan me aka ɗauko ki? Wa ya yi miki rakiya? Wane zane kika ɗaura?" Za ta yi shiru, ta ɓantari goro, ta ce, "Kai, yaron nan!" Daga nan sai zance ya ɓalle. Idan ta yi shiru a tsakiya, kada ku cike shirun da wata tambaya. Idan ta kauce ta shiga labarin wata maƙwabciya, ku bi ta, sau da yawa a can zinariyar take. Idan za ku naɗi muryarta a waya, ku gaya mata tukuna, ku ajiye wayar inda take gani.

Ku kula da alkunya. Akwai tsofaffin da har su koma ga Allah ba za su ambaci sunan mijinsu ko na ɗansu na fari ba. Kada ku matsa musu. Ku nemi sunan a bakin kawu ko inna. Kuma kada ku tsaya a dangin uba kaɗai. Yara da yawa suna iya jero kakanni huɗu ta wajen uba, amma ba su san garin da kakarsu ta wajen uwa ta fito ba. Rabin jininku ke nan.

Bayan baki sai takarda. A gidaje da yawa akwai tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ku nemi izinin mai shi a buɗe a gabansa. A ciki ake samun rasit ɗin haraji da ya yi ja saboda tsufa, da katin awo na asibiti, da fasfon aikin hajji, da wasiƙar ajami da aka naɗe cikin tsumma, da hoton baƙi da fari mai tambarin mai hoto a bayansa. Ku wanke hannu kafin ku taɓa. Ku ɗauki hotonsu da waya, ku mayar da su yadda kuka same su. Kada ku taɓa kai asalin takarda ko asalin hoto makaranta, domin abin da gida ya adana shekara hamsin yana iya salwanta a cikin jakar ɗalibi cikin yini guda.

Sai tantancewa, kuma nan ne ake bambanta mai rubutu da mai baza jita-jita. Tsofaffinmu ba da lissafin shekarun Turawa suke ƙirga lokaci ba, da abubuwan da suka faru suke ƙirgawa. Ku koyi juya wannan zuwa shekara. Idan aka ce "shekarar da aka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna", 1966 ke nan. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 aka yi shi. Canjin hannun tuƙi a 1972, shigowar naira da kwabo a madadin fam da sule a 1973. Kashe Janar Murtala, da ƙirƙiro Jihar Bauchi, da fara shirin ilimin firamare kyauta, duk a 1976 suka faru. Sarkin Bauchi Sulaimanu Adamu ya hau gadon sarauta a 1982, ya rasu a 2010. An cire Gombe daga Bauchi a 1996. Idan kaka ta ce tana goyon mahaifinku aka canza kuɗi, ku tambaye ta wane canjin, na sule da kwabo ko na 1984. Sunaye ma suna ba da shaida: Azumi da Marka suna nuna lokacin haihuwa, Talatu da Ɗanlami suna nuna rana, Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya biyo mata. Inda ba ku sami tabbas ba, ku rubuta "wajajen shekara kaza". Wannan ya fi ku ƙaga lamba don shafi ya yi kyau.

Za ku tarar da saɓani. Baffa ya ce daga Katagum aka taso, gwaggo ta ce daga Borno. Kada ku zaɓi wanda ya fi muku daɗi ku binne ɗayan. Ku rubuta duka biyun, kowanne da mai faɗarsa. Malaman hadisi sun bar mana darasi a nan: ba sa karɓar magana sai sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji. Ku ma a ƙarshen rubutunku ku sa layi guda: na ji wannan daga bakin kakata, a gidanmu, a wata kaza, shekara kaza. Wanda zai karanta bayan shekara talatin zai san inda maganar ta fito.

Yanzu ga wurin da na fi so ku tsaya ku yi tunani. Idan tsoho ya saki jiki da ku, zai faɗa muku abin da ba ku tambaya ba. Za ku ji dalilin mutuwar wani aure, da rikicin gadon da ya raba 'yan'uwa, da wanda bashi ya kora daga gari, da wanda ya taɓa zaman gidan yari, da wadda ta yi fama da taɓin hankali. Wani lokaci za ku ji zancen asali, wane gida ne suka mallaki wane a zamanin bauta. A zuciyar mai rubutu, irin wannan shi ne labari mai armashi, kuma hannu zai riƙa ƙaiƙayi. Ku riƙe shi. An gaya muku ne don ku 'yan gida ne, ba don ku 'yan jarida ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Suratul Hujurat ta hana mu cin naman juna da giba, ta kuma umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Kiristocin cikinku ma sun san addininsu ya hana tsegumi da shaidar zur. Giba ba ta zama halal don an buga ta da kwamfuta.

Kafin ku sa kowane abu mai nauyi, ku yi wa kanku tambaya uku. Mai labarin ya yarda a buga? Akwai wani mai rai, ko 'ya'yan wani mamaci, da za su kasa ɗaga kai a unguwa saboda wannan layi? Zan iya karanta shi da ƙarfi a tsakar gidanmu, kowa yana zaune? Idan kun yi tuntuɓe a ɗaya daga ciki, ku cire, ko ku sakaya suna da wuri yadda ba za a gane ba. Ku tuna cewa izinin kaka bai wadatar a kan sirrin kishiyarta ba, kuma izinin uba bai wadatar a kan hoton 'yarsa da ke gidan miji ba. Kowa shi ke da iko da nasa. Lambar waya, da kwatancen gida, da zancen dukiya, ba su da wuri a kundin da zai shiga hannun kowa.

Ba cewa nake yi ku goge duk wani ɗaci ba. Gidan da aka rubuta shi babu yunwa, babu rashi, babu faɗuwa, ba gidan mutane ba ne. Ana iya faɗin wahala ba tare da tozarta kowa ba. Tafawa Ɓalewa ya taɓo ciwon bauta har ƙashi, amma ya zuba shi cikin ƙagaggen labari, bai nuna ƙofar gidan kowa ba. Garin nan ya ga ranakun baƙin ciki, irin rikicin 1991, kuma akwai gidajen da har yau ba su manta ba. Idan naku na cikinsu, kuma manya sun yarda a rubuta, ku faɗi abin da aka rasa, ku faɗi wanda ya buɗe muku ƙofa ya ɓoye ku, amma kada ku ɗora laifi a kan ƙabila ko addini gaba ɗaya. Wanda ke zaune kusa da ku a benci, shafinsa zai maƙwabci naku a cikin kundin.

A ɗaya gefen kuma, ku guji fankama. Kada ɗan tireda ya wayi gari attajirin da ya ciyar da gari, kada a liƙa wa gida sarautar da bai gada ba. Bauchi gari ne da aka san juna, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Gaskiyar cewa kakanku ya shigo garin nan da ƙafa, da buhu ɗaya a ka, ya kwana a zauren mutane kafin ya gina nasa, ta fi kowace ƙagaggiyar sarauta daraja.

Idan kun zo rubutawa, ku zaɓi abu guda. Shafi biyu ba za su ɗauki tarihin zuriya duka ba. Mutum ɗaya, ko sana'a ɗaya, ko rana ɗaya, ku tsaya a kai ku nuna shi sosai. Maimakon ku ce kakarku mace ce mai haƙuri da juriya, ku nuna ta tana tashi kafin kiran assalatu tana hura wuta, tana ƙirga ƙosai a faranti, tana ware na maraya kafin na sayarwa. Mai karatu da kansa zai ce wannan mai haƙuri ce. Inda kuka kawo maganarta, ku bar ta yadda ta faɗa, da Bausancinta, da karin maganarta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan da Fulatanci ko Geranci ko Jaranci ko Sayanci ta yi maganar, ku sa kalamanta, ku biyo da ma'anarsu. Sauran bayaninku kuwa ku yi shi da daidaitacciyar Hausa. Kada ku kwafo daga intanet, kada ku ba wani ya rubuta muku. Intanet ba ta san kakarku ba.

Da kun gama daftarin farko, ku koma wurin mai labarin ku karanta masa daga farko har ƙarshe, a hankali. Ku dubi fuskarsa. Inda ya ce a gyara, ku gyara. Inda ya ce a cire, ku cire ko da nan ne ya fi muku daɗi. Sannan ku kai wa mahaifi ko mai riƙonku ya gani. Sai bayan haka rubutun ya cancanci fita daga gida.

Wurin bugawa ma akwai aiki. Idan kun kai takardunku shagon buga takardu, irin waɗanda ke kewayen shataletalen Wunti, kada ku ajiye ku tafi. Ku tsaya bayan mai bugawa, idonku a kan allon kwamfuta. Ku tabbata an sa haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, domin idan ƙugiya ta faɗi, kakan da kuka ce yana son baƙi zai koma mai son baki. Ku sa a fitar muku da kwafi ɗaya na gwaji, ku bi shi layi-layi da biro, musamman sunayen mutane da shekaru, kafin a buga da yawa.

Kundin na aji ne, don haka akwai haƙƙin juna. Idan an ce kowa shafi biyu, kada wani ya kawo biyar don yana ganin gidansu ya fi. Ku jera rubuce-rubucen bisa haruffan sunaye ko bisa jigo, ba bisa matsayin iyaye ba. A cikinku akwai maraya, akwai ɗan riƙo, akwai wanda gudun hijira ya kawo iyayensa Bauchi, akwai wanda zancen gida ke sosa masa rai. Kada a tilasta wa kowa ya buɗe abin da bai shirya buɗewa ba. Wanda ya rene ka shi ma gida ne. Ana iya rubutu a kan malamin allo, ko maƙwabciyar da ta zame uwa. Idan kuna duba aikin juna, ku gyara rubutu, kada ku yi wa dangin wani dariya, kuma abin da kuka gani a daftarin da aka fasa bugawa ya tsaya a nan. Idan an yi karo-karon kuɗin bugu, kada rashin kuɗi ya fitar da shafin kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ranar da kundi ya fito, kwafi na farko na wanda ya ba ku labari ne. Ku ajiye ɗaya a laburaren makaranta, ɗaya a gida wurin da ruwa da gara ba za su kai ba, muryar da kuka naɗa kuma ku kwafe ta a wuri fiye da ɗaya. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu a 1864, amma rubuce-rubucenta, har da marsiyoyin da ta yi wa danginta, sun iso gare mu ne saboda zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato sun riƙe su hannu da hannu, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su suka buga a 1997. Rubutu ba ya tsare kansa, mutane ke tsare shi.

Kada ku jira sai an sa ranar miƙa aiki. Tsofaffin nan ba za su zauna jiranmu ba, kuma duk wanda ya tafi da abin da ke cikinsa yake tafiya. Ku je wurinsu a makon nan, ku gaishe su, ku tambaya da ladabi, ku rubuta gaskiya, ku rufa asirin da ya kamata a rufa. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa alƙalaminku ya zama sanadin zumunci, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba waɗanda ke raye lafiya da nisan kwana. Amin.